Eyam, Ƙauyen da Ya Rufe Kansa: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihin Wata Ƙaramar Gunduma a Ingila

Ingila na da dubban ƙananan ƙauyuka waɗanda ba a cika jin sunansu ba sai a bakin mazauna cikinsu. Eyam na ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da sunansu ya fita duniya, kuma ta hanyar musiba ya fita. Ga tambayoyin da mai karatu zai iya yi game da wannan wuri, da abin da tarihi ya tabbatar a kansu.

Ina ne Eyam, kuma me ya sa ake maganarsa?

Ƙauye ne a lardin Derbyshire, a tsakiyar Ingila ta wajen arewa, cikin yankin tuddai da ake kira Peak District. Mutanen wurin "Im" suke furta sunan, da jan wasali. Tsakaninsa da birnin Sheffield kimanin kilomita 20 ne, tsakaninsa da Landan kuwa wajen kilomita 250. A ƙidayar 2011 mutanen gundumar ba su cika dubu ɗaya ba.

Abin da ya sa aka san shi shi ne annobar 1665 zuwa 1666. Cutar ta shiga ƙauyen, ta yi wata 14 tana kisa, kuma a tsakiyar haka mutanen suka amince ba wanda zai fita, ba wanda zai shigo, don kada su kai wa maƙwabta. Sun san abin da zaman zai jawo musu, suka zauna.

Ana kiran irin wannan gunduma "gundumar coci". Coci ce ko hukuma ce?

A wancan zamani duka biyun ce. An yanka ƙasar Ingila gunduma-gunduma, wajen 9,000 zuwa 10,000, kowace da cocinta da limaminta da maƙabartarta da iyakarta. Duk wanda ke zaune cikin iyakar ɗan gundumar ne, ko yana son limamin ko ba ya so. A nan ake yi masa baftisma, a nan ake ɗaura masa aure, a nan ake binne shi, kuma ga limamin nan yake kai ushirin amfanin gonarsa da na dabbobinsa.

Daga ƙarni na 16 gwamnati ta yi ta ɗora wa gundumomin ayyukan da ba na ibada ba. Dokar 1555 ta ce su ne za su gyara hanyoyinsu. Dokar 1601 ta ce kowace gunduma ta karɓi haraji daga masu hali ta ciyar da matalautanta, ta kuma naɗa masu lura da wannan aiki. Akwai ma'ajin coci, akwai ɗan doka na ƙauye, duk daga cikin mutanen gari ake zaɓar su shekara-shekara, yawanci ba albashi. Mai son ya gane nauyin limamin irin wannan wuri sai ya ɗauka an haɗa liman da dagaci a jikin mutum ɗaya, an kuma miƙa masa littafin haihuwa da mutuwa na gari.

Sai a ƙarni na 19 aka fara raba ayyukan. Dokar 1834 ta ɗauke kula da matalauta daga hannun gunduma ɗaya-ɗaya, rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara a 1837, sannan dokar 1894 ta kafa majalisun gunduma da ba ruwansu da coci. Gundumar Eyam ta dā ta fi ƙauyen kansa faɗi, don ta haɗa da ƙananan ƙauyuka na kewaye irin su Foolow.

Tun yaushe mutane ke zaune a wurin?

Tun kafin a san rubutu a tsibirin. A kan tudun da ke arewa da ƙauyen akwai wani da'irar duwatsu mai suna Wet Withens, ta zamanin da ake ƙera kayan aiki da tagulla. A harabar cocin kuma akwai wani gicciye na dutse mai sassaƙa, aikin mutanen Anglo-Saxon, wanda galibi ake danganta shi da ƙarni na 8. Sunan ƙauyen ya fito a babban kundin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, wato Domesday, inda aka rubuta shi "Aiune". Cocin, mai sunan St Lawrence, mafi yawan tsohon gininta na ƙarni na 13 da na 14 ne, ko da yake an yi mata gyare-gyare sosai a ƙarni na 19.

Da me mutanen Eyam suke cin abinci a dā?

Da dalma, kafin komai. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce, ga sanyi ga tudu, noma ba ya yin albarka sosai, sai dai kiwon tumaki da 'yan shanu. Amma a ƙarƙashin duwatsun akwai jijiyoyin dalma, waɗanda ake haƙa tun zamanin Rumawa.

Masu haƙar dalma a Derbyshire suna da al'adarsu da kotunsu, wadda ake kira Barmote, da jami'inta mai auna dalma da raba wuraren haƙa. Bisa al'adar, kowane mutum na da damar neman dalma a ƙasar kowa, ban da maƙabarta da lambu da hanya, muddin zai biya rabon da aka yanka wa mai ƙasar ma'adinan. Wannan ya sa talakan Eyam ba irin talakan da ke durƙushe a gonar ubangida ba ne. Mutum ne mai ɗan raminsa da 'yar gonarsa, mai taurin kai, wanda ya saba da haɗari a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma saba da dogaro da abokin aiki. Ina ganin duk wanda ya manta da wannan ba zai fahimci 1666 sosai ba. Ba mutanen da ake korawa kamar garke ba ne; sai an shawo kansu.

Sun kuma iya haɗa kai don amfanin gari. Tun 1588 aka shirya musu jerin kwamayen dutse da ruwan maɓuɓɓuga ke zuba ciki a wurare daban-daban na ƙauyen, kuma wasu suna nan har yau.

Yaya annobar ta shigo?

A 1665 annoba na cin Landan. Takardun birnin sun lissafa mutum 68,596 da ta kashe a shekarar, masana kuma suna ganin adadin gaskiya ya kusa 100,000. A ƙarshen bazarar shekarar aka kawo ɗaurin yadi daga Landan gidan telan Eyam, Alexander Hadfield. Mataimakinsa George Viccars ne ya kwance kayan. Labarin da aka gada ya ce ya tarar da su da danshi, sai ya shanya su kusa da wuta. Cikin 'yan kwanaki ya kwanta, aka binne shi ranar 7 ga Satumba 1665.

Wanda ya bi bayansa ƙaramin yaro ne na gidan, Edward Cooper, ɗan matar telan daga mijinta na farko. Daga nan sai maƙwabta. Kafin shekarar ta ƙare an binne mutum 42. Matar telan, Mary, ta rasa 'ya'yanta maza biyu, daga baya ta rasa mijin, ita kuwa ta rayu.

Wace irin cuta ce?

Ɗa'uni ne, cutar da ƙwayar Yersinia pestis ke haddasawa. Ƙuma ce ke ɗaukar ƙwayar daga ɓeraye ta kai wa mutum. Sai zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hamata ko wuya, wani lokaci fata ta yi baƙi-baƙi. Idan ta kama huhu kuma, tari kaɗai ya isa ya kai ta ga na kusa, kuma wannan nau'in da wuya a tashi. Ba wanda ya san wannan a 1665. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar a Hong Kong. Mutanen Eyam sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce da fushin Ubangiji, amma ido ya nuna musu abu ɗaya da yake daidai: cutar tana bin mutane da kayansu.

Da sanyin hunturu ya shigo mace-macen suka ragu, har a watan Mayu na 1666 aka yi zaton an rabu da ita. Da zafi ya dawo sai ta taso fiye da dā.

Wa ya kawo shawarar rufe ƙauyen?

Mutum biyu ne, kuma a ce sun zauna inuwa ɗaya shi kansa abin mamaki ne.

Ingila ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba. An yanke wa Sarki Charles na I kai a 1649, masu tsattsauran ra'ayin gyara addini da ake kira Puritan suka riƙe ƙasa, sannan a 1660 sarauta ta dawo da Charles na II. A 1662 aka yi doka cewa kowane limami sai ya bi littafin addu'o'in Cocin Ingila, wanda ya ƙi ya bar aiki. Wajen limamai 2,000 ne suka rasa kujerunsu.

Thomas Stanley na cikin waɗanda sauyin ya ture. Ya yi wa Eyam limanci tun 1644, kuma mutanen ƙauyen da yawa ra'ayinsu ɗaya da shi. William Mompesson kuwa limamin sabon tsari ne, an kawo shi a 1664, baƙo, bai kai shekara 30 ba. Shi ke da kujera, Stanley ke da zukatan jama'a. Da Mompesson shi kaɗai ya tashi ya ce wa masu haƙar dalma kada kowa ya fita, da wuya su saurare shi. Da Stanley shi kaɗai ya faɗa, ba shi da ikon rubuta wa manyan ƙasa ya nemi abinci. Sai suka ajiye saɓanin da ya raba ƙasarsu suka yi magana da murya ɗaya, a watan Yuni na 1666.

Littattafan baya sun fi ɗaga Mompesson, don shi ne na cocin gwamnati, shi ne kuma ya bar wasiƙu. A ganina an tauye wa Stanley haƙƙi. Mutumin da aka kora daga aikinsa, ba abin da ya ɗaure shi da wurin sai mutanensa, ya zauna yana shiga gidajen marasa lafiya yana rubuta musu wasiyya. A Eyam ya rasu a 1670.

Me aka amince a kai, kuma yaya suka sami abinci?

Abu uku. Na farko, an daina kai gawa maƙabartar coci. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, a lambu ko a gona, cikin gaggawa. Na biyu, an rufe coci, aka koma yin ibada a fili, a wani kwari mai suna Cucklett Delf, inda limami ke tsayawa a kan dutse, iyalai kuma su tsaya nesa da juna. Na uku, an shata iyaka kewaye da ƙauyen, ba shiga ba fita.

Na farkon nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Mutane ne da suka yi imani cewa Kirista a keɓaɓɓiyar ƙasar coci ya kamata ya kwanta, kusa da iyayensa. A ce uwa ta ja gawar ɗanta zuwa bayan gida ta haƙa rami, ba limami ba jama'a, wannan wata azaba ce a kan azaba.

Abinci kuwa daga waje yake zuwa. Basaraken Devonshire, wanda gidansa na Chatsworth ke 'yan kilomitoci daga wurin, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani, ƙauyukan kewaye ma suna kawowa. Ana ajiye kayan a wuraren da aka sani a bakin iyaka, mai kawowa ya tafi, sannan na ciki ya zo ya ɗauka. Ɗaya daga cikin wuraren wata maɓuɓɓuga ce a tudun arewa, wadda yau ake kira da sunan Mompesson. Ɗayan kuma dutse ne a hanyar Stoney Middleton, wanda aka huda wa ramuka ana zuba ruwan khal, wato binega, a ciki, a jefa kuɗin a nan don a wanke su daga cutar. Dutsen na nan da ramukansa.

Kowa ne ya zauna? Kuma da son ransu ne?

Ba kowa ba. Wasu masu hali sun fice tun kafin a shata iyaka, kamar yadda masu hali suka fice daga Landan. Mompesson kansa ya tura 'ya'yansa biyu, George da Elizabeth, wajen 'yan uwa. Wasu kuma sun bar gidajensu suka kafa bukkoki a tuddan kewaye. Waɗanda suka rage galibi talakawa ne, masu rami da tumaki da ba su da inda za su.

Haka nan killace masu annoba ba a Eyam aka fara shi ba. Birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, ya kafa dokar tsare matafiya tun 1377. A Ingila ma tun 1578 akwai umarnin a rufe gidan da annoba ta shiga, dokar 1604 kuma ta ba da ikon hukunta wanda ya karya. Ƙauyukan kewaye suna tsaron hanyoyinsu, kuma wanda aka gane daga Eyam yake ba maraba zai samu ba. Saboda haka wasu masana tarihi suna ganin akwai tilas a cikin lamarin, ba zaɓi zalla ba.

Wannan gaskiya ce, amma ba ta rage musu komai a idona ba. Ba soja ko ɗaya a bakin iyakar. Tuddai ne buɗaɗɗu, mutum na iya sulalewa da dare. A watan Agusta, lokacin da ake binne mutum biyar ko shida a wasu ranaku, tsoro kaɗai ya isa ya watsa gari. Bai watse ba.

Mutum nawa suka mutu?

Adadin da aka fi ambata 260 ne. A wasiƙar da Mompesson ya rubuta wa kawunsa a Nuwamba 1666 ya ce gidaje 76 cutar ta shiga, ya kuma kamanta garin da Golgota, wurin ƙoƙon kai. A watan Yuli kaɗai an rasa fiye da mutum 50, a Agusta fiye da 70. Na ƙarshe shi ne Abraham Morten, ranar 1 ga Nuwamba 1666.

Inda aka yi saɓani shi ne yawan mutanen ƙauyen kafin annobar. Marubutan ƙarni na 19 sun ce 350, abin da ke nufin kusan kashi uku cikin huɗu sun tafi. Masu bincike na baya, da suka bi takardun harajin murhu na 1664 da rajistar coci, sun kai adadin wajen 700 zuwa 800. Ko da wannan aka ɗauka, mutum ɗaya cikin uku ne ya mutu, kuma hakan ya zarce rabon da Landan ta rasa.

Ta yaya aka san sunayensu ɗaya bayan ɗaya bayan fiye da shekara 350?

Ta rajistar gunduma. A 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na VIII, ya ba da umarni cewa kowane limami ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'iza. A ƙarshen ƙarnin aka ƙara cewa a riƙa rubutawa a kan fata don ta fi takarda ƙarko, a kuma aika wa bishop kwafi duk shekara. Aiki ne na yau da kullum, marar armashi, wanda limaman ƙauye suka yi ta yi ƙarni bayan ƙarni.

Albarkacinsa ne yau ake iya bin annobar Eyam gida-gida, rana-rana. An san wa ya fara, wa ya bi, wane gida ne ya ƙare ƙaf. Ba a bar talakan da ya mutu a 1666 ya narke cikin "mutane da yawa" ba. Yana da suna da ranar binnewa. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a duk tarihin wurin, fiye da dutsen khal da sauran abubuwan da baƙi ke ɗaukar hoto. Haɗe da rajistar akwai wasiyyoyi, da takardun haraji, da littattafan kotun dalma, kuma da irin waɗannan ake rubuta tarihin kowace ƙaramar gunduma a Ingila, har waɗanda ba wani babban abu da ya taɓa faruwa a cikinsu.

Wane gida ne aka fi tunawa?

Gidan Hancock, a gonar Riley, can gefen gabas na ƙauyen. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta 1666, Elizabeth Hancock ta binne mijinta John da 'ya'yanta shida. Kwana takwas. Ana cewa mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga tudunsu tana jan gawa zuwa gona, ba mai iya zuwa ya kama mata. Ita cutar ba ta kashe ta ba. Kaburburan suna nan a tsakiyar wani fili, an kewaye su da gajeriyar katangar dutse.

Akwai kuma Marshall Howe, mai haƙar dalma, wanda ya kamu ya warke, ya zama shi ke binne waɗanda ba su da sauran mai binne su. Labarin gari ya ce yakan ɗauki ladansa daga kayan mamatan. Shi ma a wannan Agusta ya rasa matarsa da ɗansa.

Me ya sami Mompesson da iyalinsa?

Matarsa Catherine ta ƙi tafiya tare da yaran, ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya. Ta kamu a watan Agusta 1666, ta rasu tana da shekara 27. Kabarinta na harabar cocin. Wasiƙun da ya rubuta bayan rasuwarta, ɗaya ga 'ya'yansa, ɗaya ga ubangidansa Sir George Savile, na mutumin da ya sallama cewa shi ne na gaba. Bai mutu ba. Da cutar ta lafa ya sa aka ƙona tufafi da shimfiɗu, ya fara da nasa. Bayan 'yan shekaru aka mayar da shi Eakring a lardin Nottinghamshire, ya sake aure, ya rasu a 1709.

To, rufewar ta yi amfani kuwa?

Ga maƙwabta, alamu sun nuna ta yi. Annobar ba ta ci Sheffield ko Bakewell a wannan karon ba, alhali duka biyun tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka.

Ga mutanen Eyam kansu kuwa, akwai masu ganin zaman wuri ɗaya ya ƙara yawan mamatan. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi rajistar gida-gida, ya nuna cewa mafi yawan kamuwar daga mutum zuwa mutum ne, ba daga ɓera kai tsaye ba, kuma zama gida ɗaya da mai cutar ya ƙara haɗari ƙwarai. Idan haka ne, to tsoron da ya sa aka shata iyakar yana da tushe: wanda ya gudu zai iya tafiya da ita. Farashin kuma su suka biya.

Wannan ai ya yi kama da abin da Musulunci ya koyar game da annoba?

Ya yi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana shiga garin da aka ji annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudun ta. Da shi aka kafa hujja lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham a zamanin annobar Amwas. Mutanen Eyam Kiristoci ne, daga littafinsu da abin da idonsu ya gani suka ɗauki hujjarsu, amma matakin da suka tsaya a kai shi ne wannan ɗin: na ciki ya yi haƙuri ya zauna.

Wane ɓangare na labarin ne ya kamata a yi hattara da shi?

Kusan shekara ɗari bayan annobar ba a cika maganar Eyam a wajen yankin ba. A ƙarshen ƙarni na 18 aka fara buga wasiƙun Mompesson, marubuta waƙoƙi suka shiga, ciki har da Anna Seward, wadda aka haifa a ƙauyen a 1742 lokacin mahaifinta na limanci a can. Sannan a 1842 wani ɗan garin, William Wood, ya buga tarihin Eyam, inda ya tattara abin da tsofaffi suka gaya masa. Ya yi aikin kirki, don ba don shi ba da abubuwa da yawa sun ɓace, amma tsakaninsa da abin da yake bayarwa akwai shekara 176, kuma mutum ne mai son labari ya yi daɗi.

Shahararren misali shi ne na Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, waɗanda aka ce suna haɗuwa suna kallon juna daga nesa har ranar da ba ta zo ba. Emmott mutum ce ta gaske, rajista ta nuna an binne ta a Afrilu 1666 bayan an rasa mafi yawan 'yan gidansu. Zancen soyayyar kuwa daga bakin mutane ya zo. Sunaye da ranaku da wasiƙu su ne ƙashin bayan tarihin. Hirarrakin da ake sa wa mutane a baki, ado ne na baya.

Haka zancen da ya yaɗu wajen shekarar 2000, cewa jikokin waɗanda suka tsira suna ɗauke da wani sauyin ƙwayar halitta mai suna CCR5-delta 32 wanda ya kare kakanninsu. Sauyin na nan, kuma an san yana ba da kariya daga wasu nau'o'in ƙwayar cutar ƙanjamau, amma ba a tabbatar yana kare mutum daga ɗa'uni ba.

Bayan annobar, ƙauyen ya farfaɗo?

Ya farfaɗo, da sauri ma. Cikin shekarun 1670 iyalin Wright suka gina babban gidan da ake kira Eyam Hall. A farkon ƙarni na 18 aka dace da jijiyoyin dalma masu kauri a tudun arewa, kuɗi ya shigo, har kujerar limancin Eyam ta zama abin nema saboda ushirin dalma. Babbar matsalar ramukan ruwa ne, don haka aka yi ta haƙa dogayen magudanai a ƙarƙashin ƙasa, aikin shekaru, don a janye shi. Agogon rana da ke jikin bangon cocin na 1775 ne. A dandalin ƙauyen kuma har yanzu akwai turun da ake sa masu ƙananan laifuka.

Da dalmar waje mai araha ta karya kasuwa a ƙarshen ƙarni na 19, mutane suka koma ɗinkin takalma da fasa dutse. Daga baya wani ma'adini da masu dalma suke zubarwa a matsayin shara, fluorspar, ya zama abin nema saboda masana'antar ƙarfe, aka sake buɗe wasu tsofaffin ramuka dominsa a ƙarni na 20. A 1951 yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, baƙi suka fara zama hanyar samu.

Yaya ake tunawa da abin a yau, kuma me mai ziyara zai gani?

Kowace Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ana yin ibadar tunawa a Cucklett Delf, a filin da kakanninsu suka tsaya, ana kuma ajiye furanni a kabarin Catherine Mompesson. A daidai wannan lokaci ake yin wata tsohuwar al'adar Derbyshire ta ƙawata rijiyoyi da hotunan da ake shiryawa da furanni a kan laka. A cikin cocin akwai taga mai gilashi kala-kala ta 1985 da ke ba da labarin annobar, da jerin sunayen mamatan. Gidan tarihi na ƙauyen an buɗe shi a 1994. A shekarar 2020, da korona ta sa aka kulle garuruwa, 'yan jarida daga ƙasashe da dama sun yi ta zuwa wurin.

Gidajen da cutar ta fara shiga suna nan a jere kusa da cocin, da allunan sunayen waɗanda suka mutu a kowanne. Mutane ne ke zaune a cikinsu, don haka daga bakin hanya ake tsayawa a karanta. Kaburburan Riley da dutsen iyaka da maɓuɓɓugar Mompesson duk da ƙafa ake zuwa, kowanne ta fuska daban, kuma akwai hawa. Mai neman tsofaffin takardun gundumomin Derbyshire kuwa, ofishin adana takardun lardin yana garin Matlock.